Taken Mahauci a Bakin Ƙaho

…kuma wai ko tari ba a yi. Haka ɗiyata Sauda ta yi ta nanatawa a cikin jirgin metro. Ba a magana, Baba, ba a tashi, ba a tafi sai an gama. Khalas, shi ke nan. Na zauna a zauren kiɗan. Hannuna har yanzu ƙarnin naman kasuwar Naif yake, sabulu bai fitar ba.

Ga shi can. Zailani. Ɗana. Ya ba jama'a baya, da ɗan tsinke a hannu — wa ya koya masa ba manya baya? Ba ni ba. Masu gogen Turawa jere a gabansa, ga piyano, ga wani dogon baƙin Ba'amurke da ƙahon tagulla. Wai shi ya tsara kiɗan duka. Wai ya gauraya na Turawan da can da jaz, na jikokin bayi. Ni tsoka da ƙashi na iya haɗawa a sikeli.

Kunnensa na hagu ya mutu, in ji Sauda, na dama yana bi. Wannan ne wasansa na ƙarshe, gobe zai tashi. Ni da shi mun daɗe ba ma cewa komai. Ɗan mahauci ya ajiye wuƙa ya bi kiɗa… mu ake yi wa, ba mu muke yi ba. Sau ɗaya na faɗa masa. Ya isa.

Tsaya.

Ƙahon nan — me yake cewa? Kalangu ne. Kalangu a bakin ƙaho. Kwata a Kano, rumfar babana, ungulu bisa katanga, makaɗi ya matse kalangu a hammata… Ɗantani, taso, wuƙa ta gaji da jira. Takena! Yaron yana bisa wuyana lokacin, dugadugansa na dukan ƙirjina. Ya riƙe? Duk shekarun nan?

Ƙahon ya maimaita. Gogen ya lafa, an bar wa ƙahon fili. Kira ne. Mahauci ba ya jin takensa ya zauna, sai in gawa ne. Zailani ya san haka. Sauda ta cafke gefen rigata — Baba, don Allah, ba a nan ba —

Na miƙe. Gwiwa ta yi ƙara. Na dunƙule hannu sama. Ga ni, Zailani! Ga Ɗantani!

Kawuna sun juyo. Wata Baturiya ta ɗora yatsa a baki. Mai ƙahon ya zaro ido. Mai gadi yana gangarowa ta tsakanin kujeru.

Kowa ya ji.

Tsinken yana ta hawa da sauka. Furfura a ƙeyarsa — yaushe ta fito? Na ƙara, da duk abin da ya saura a maƙogwarona. Ƙeyar nan ba ta waiwayo ba.

Na dama yana bi, in ji ta. Ashe har ya…

Juyo mana, yaro. Na amsa fa. Hannun ya fara yi mini nauyi —