Damtse Marar Tabo

"Naɗe min hannun rigarki. Na dama."

Zenaida Pariona ta naɗe. Licenciada Otárola, babbar nas ɗin da ke tantance takardun lafiyar ɗalibai kafin a tura su asibiti, ta gyara zaman tabarau, ta kama damtsen ta juya shi wajen taga. Ta ce a naɗe na hagu ma. Fata sumul, ko ƙwarzane babu.

"Ina tabonki?"

"Wane tabo, Licenciada?"

"Shekara uku kina karatun jinya, kike tambayata wane tabo? Na allurar tarin fuka mana, wadda ake yi wa jarirai."

Daga bayanta a layi, ƙawarta Yovana ta leƙo. "Ai Licenciada, wannan 'yar ficiciyar ba ta da wurin da allura za ta zauna. Inda aka soka ta nan za ta ɓulla."

Layin ya kwashe da dariya, ita ma Zenaida ta yi. Tun firamare ita ce ƙaramar aji, ta saba da tsiya. Licenciada dai ko murmushi. Ta kori sauran, ta rufe ƙofa, ta shimfiɗa takardu biyu a kan tebur. Ɗaya tsohon katin rigakafin Zenaida ne, wanda uwarta ta adana cikin leda shekara da shekaru, cike da hatimi layi-layi. Ɗayar kuma sakamakon gwajin jinin da aka ɗiba makon jiya.

"Tabo kan ƙi fitowa, na sani. Garkuwar ciwon hanta ma takan dushe. Amma dubi nan. Ƙyanda babu, hangum babu, hanta babu. Duka? Kati ya ce an yi miki komai, jini ya ce bai san zancen ba."

Zenaida ta ƙura wa takardun ido. A watan Janairu ajinsu zai shiga asibiti, kuma ita ɗakin jarirai aka ba ta, abin da ta yi shekara uku tana roƙo. Doka kuwa a bango take a manne: ba wanda zai taɓa marar lafiya sai rigakafinsa ya cika.

"Yau Alhamis, gobe hutun bikin tunawa da matattu," in ji Licenciada. "Ki je ɗakin shan maganin garinku su duba babban littafinsu. In sun ba ki takarda cewa katin nan gaskiya ne, allurar ƙari kawai zan yi miki, ki bi 'yan ajinki. In ba haka ba, daga farko za a faro. Wata shida ke nan, kin ga Janairu ta wuce ki, sai baɗi. Litinin nake rufe sunaye."

Yovana ta raka ta tasha tana ta masifa. "Ɗakin gwajin ne suka cakuɗa jini, na rantse. Ba su ne suka taɓa ce wa tsohon nan mai gadi yana da ciki ba? Ke dai ki taho min da burodin mamanki, Mama Eulogia, in ba haka ba kada ki dawo."

Awa biyu da rabi ƙaramar bas ta yi tana hawa daga birnin Huamanga, tana nishi a kowace kwana. Zenaida ta matsu tsakanin buhun fulawa da wata tsohuwa mai rungume da furannin kabari. Ba ta son tunani, amma tunani ba ya neman izini. Ta tuna duk ranar da masu akwatin sanyi na allurar rigakafi za su zo makarantarsu, ranar ce tumaki ke buƙatar ta a kan tudu. "Kin riga kin yi naki, ga kati," haka uwarta kan ce, ta miƙa mata dafaffiyar masara a ƙulle. Sau nawa? Ta fara ƙirgawa a yatsu, ta bari.

Tun daga bakin gari ƙamshin tanderu ya tare ta. Ko'ina ana gasa burodi mai siffar jarirai na bikin matattu. Ta tarar da Mama Eulogia a tsakar gida, hula a ka, hannu dumu-dumu cikin kwaɓi, ɓerayen kuyi da ake kiwo don nama suna tsuwa a ƙarƙashin murhu.

"Lale da 'yar boko! Ba sai gobe kika ce ba? Wanke hannu, likita, ki zo ki yi aikin gaske."

A kan faranti an jera abin da aka saba jerawa kowace shekara. Dokin burodi na marigayi babanta, manyan jarirai biyu na kakanni, sai wata 'yar ƙarama a gefe, wadda Mama Eulogia ba ta taɓa barin kowa ya mulmula ba sai ita. Tun Zenaida na yarinya take tambayar ta wa ce, amsar kuma ɗaya ce: ta wani ɗan mala'ika ce da ba shi da mai yi masa.

Zenaida ba ta wanke hannu ba. Ta zaro katin ta ajiye a kan tebur, kusa da farantin.

"Mamay, an auna jinina. Sun ce ba a taɓa yi min allura ba."

"Su wa? Ga hatimi nan, makafi ne?"

"Ba ni da tabo, Mamay. Ke kina da shi, Yovana na da shi, kowa na da shi."

"Fatarki irin ta babanki ce, ba ta riƙe..."

"Mamay. Don Allah."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin kwaɓin. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma shi ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Mama Eulogia ta zauna a kan dutsen niƙa, ta nuna 'yar ƙaramar jaririyar burodin da haɓa.

"Katin nata ne."

"Nata wa?"

"Zenaida. 'Yata ta fari. Yayarki."

Allah sarki. Zenaida ta nemi bango ta jingina.

Maganar ta fito a hankali, da tsayawa, da goge hanci da gefen mayafi. Yarinya ce mai ƙiba, mai dariya, ta fara tafiya tana bin kaji. Duk allurar da aka ce, Eulogia ta kai ta, ba ta taɓa fashi ba, har nas ta riƙa nuna ta wa sauran mata a matsayin abin koyi. Tana da wata goma sha biyar, a tsakiyar sanyin Yuli, aka yi mata wata a cinya. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta. Kwana na biyar aka binne ta a gefen gonar dankali, ba a gaya wa hukuma ba.

"Ina da cikinki wata bakwai. Na durƙusa a kan ramin nan na rantse, abin da ke cikina ƙarfe ba zai taɓa shi ba. Muka kwashe tumaki muka hau can sama, shekara uku ba mu sauko ba. Can na haife ki. Da muka dawo, takardar haihuwarta na nan, katinta na nan, nas-nas kuwa shekara guda suke yi a canja su. Duk wanda ya zo da akwatin sanyi, in nuna masa kati, ya yi gaba."

"Mutanen gari fa?"

"Sun sani mana. Wa zai faɗa?"

Wato kowa ya sani. Mai kanti, uwar baftismarta, tsofaffin da ke shafa kanta suna cewa 'yar ficiciya. Ita kaɗai ce ke yawo da sunan matacciya, tana hura kyandir na bikin haihuwa ranar sha ɗaya ga Afrilu, ranar da ba tata ba. Haushi ya kama ta.

"Kin bar ni ina karatun jinya shekara uku! Me kike tsammani?"

"Na ce ai ke za ki riƙa yi wa mutane, ba a yi miki ba."

Da wani ne ya faɗa, da Zenaida ta yi dariya. Sai ta ji bakinta yana yin tambayar da aka koya mata a aji. "Yaya zazzaɓin yake? Tana tari?"

"Tari kam tun kafin allurar tana ɗan yi. Daga baya numfashi ya riƙa fita sama-sama, kamar ɗan tsako. In ta ja, nan ƙasan haƙarƙari ya lotsa ciki. Leɓenta ya koma shuɗi."

"Wannan ai ciwon huhu ne, Mamay! Sanyi ne ya kama ƙirjinta. Ba allura ba ce, ko kusa. Maganin sha na kwana biyar..."

Ta kama bakinta, amma magana zarar bunu ce. Mama Eulogia ta ɗago ta dube ta, fuskar nan duk fulawa.

"Babanki ya ce mu mayar da ita ɗakin shan magani. Na tare ƙofa. Na ce ba zan mayar da ita wurin waɗanda suka soke ta ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ke da kika yi karatu, gaya min. Da na bar shi ya kai ta, da ta rayu?"

Zenaida ta san amsar, har shafin da take a littafi ta sani. Ba ta taɓa tsanar karatunta ba sai a wannan lokacin.

"Ban sani ba, Mamay. Ba wanda zai iya sani."

Uwa ba ta buƙatar boko kafin ta gane ƙaryar 'yarta. Mama Eulogia ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki 'yar jaririyar burodin ɗanya, ta gyara mata zanen kwaɓin da aka naɗe ta da shi, hawaye na ɗiga a kai, ta mayar da ita farantin. Zenaida ta durƙusa ta rungume ta, suka yi kuka mai isar su, wuta na ci a tanderu ba mai kula ta.

Tsohuwar ce ta fara miƙewa. Ta wanke hannu, ta canja mayafi, ta gyara hula.

"Tashi, kafin su rufe. Sunanki na cikin littafinsu, da idona na ga an rubuta. Ki karɓi takardarki ki tafi Janairu ɗinki. Na cinye miki suna, ba zan cinye miki shekara ba."

Shekara ashirin da ɗoriya rabon Mama Eulogia da ƙofar ɗakin shan maganin nan, ko hanyar ba ta bi. Yau ta shiga, ta zauna a bakin benci, ta ƙura wa ƙasa ido. Nas ɗin wata matashiya ce baƙuwa daga bakin teku, leɓenta duk ya tsage da sanyi. Ta saurari buƙatar Zenaida, ta hau kujera ta sauko da wani tsohon littafi mai ƙura, ta yi ta buɗawa tana atishawa.

"Yauwa, ga ki nan. Pariona, Zenaida. Kai, komai cif, ko fashi ɗaya babu! Señora, kin yi ƙoƙari, da duk iyaye haka suke da mun huta." Ta jawo takarda mai hatimi. "In rubuta miki shaidar?"

Layi biyu ne kawai da sa hannu. Zenaida ta dubi takardar, ta hango kanta cikin fararen kaya a ɗakin jarirai, Yovana na yi mata gwalo daga ƙofa. Sai ta hango hannunta a kan jaririn kwana ɗaya, hannun da ba shi da garkuwar ƙyanda, kuma uwar jaririn ta miƙo shi ne don ta yarda da katin da aka nuna. Ta juya ta dubi uwarta a kan benci.

"A'a, señorita. Wannan littafin ba ni ba ce a ciki. Buɗe min sabon kati, daga farko."

"Daga farko? Kin san wata shida ne kuwa?"

"Na sani."

Nas ɗin ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga idanun da suka kumbura, ta yi hankali ba ta ƙara tambaya ba. Ta buɗe firji. Da ƙarar murfin ta fito, Mama Eulogia ta zabura, Zenaida ta ɗauka waje za ta yi. Sai tsohuwar ta matso, ta sa hannu ta naɗe wa 'yarta hannun riga da kanta, ta riƙe damtsen gam, ta juya fuska ga bango. Ba ta saki ba har bayan an manna auduga.

Nas ta zauna, ta ɗauko sabon kati fari fat, ta cire murfin biro.

"Suna dai na gani. Ranar haihuwa?"

Zenaida ta buɗe baki. Sha ɗaya ga Afrilu ta zo kan harshenta kamar kullum, ta tsaya a nan. Ta rufe bakin, ta waiwaya ta dubi uwarta.

"Ashirin da uku ga Satumba," in ji Mama Eulogia, har yanzu fuskarta na bango. "Da hantsi. Ranar aka yi ruwan farko."