Yawon Asabar na Baba

Fitila ta farko ta kama ne ranar Talata, Auta tana ƙofar shago na huɗu da kiret talatin na ƙwai a bayan akori-kurar mahaifinta. 'Yar fitila ce ruwan ɗorawa a gefen maleji, ba ta fi ƙwayar wake ba. Auta ta dube ta, ta ce a ranta gajiya ce ta kama motar, sai ta rage gudu. To wanda dama tafiyar hawainiya yake yi, in ya rage gudu me ya saura? Masu keke ma wuce ta suke yi suna waiwaye.

Wata biyar ke nan da ta karɓi aikin, tun ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙi fita. Shekara tara yana ɗauko ƙwai daga gonar kaji yana raba wa shaguna goma sha ɗaya, duk a cikin gari, daga wannan lungu zuwa wancan. Shi ya koya mata tuƙi, kuma karatunsa ɗaya ne tak: "Ƙwai ne a bayanki." Ta riƙe shi gam. Ko motar ba komai a ciki, haka take bi da ita, ba ta taɓa sa giya ta biyar ba tun da take.

Kullum da safe sai ta wanke ta, sannan ta durƙusa a baya da tsumma ta goge bakin salansa, domin ta lura wata baƙar kunkunniya tana taruwa a wurin har tana ɓata bamba. Ba don tsabta kaɗai take yi ba. Kujerar Baba tana bakin taga, kuma ba ta so ya ga motarsa da baƙin gindi.

Wannan taga ita ce rayuwar gidan yanzu. Daga gadon Baba zuwa kujerar taku bakwai ne, kuma likita ya ce takun nan bakwai sun fi duk ƙwayoyin da yake sha. An yi lallashi, an yi faɗa, bai yarda ya taka zuwa falo ko tsakar gida ba. Amma da ya ji ƙarar injin da safe, sai ya laluɓi sandarsa ya miƙe.

Ranar Asabar ce kawai ake shan daga da shi. Ya dinga buga sanda a ƙasa ke nan, yana nuna motar da hannun hagu, yana gurnani.

"Baba, kwantar da hankalinka," Auta kan ce, "ina lallaɓa ta. Yau ma hutu na ba ta, ko tayar da ita ban yi ba."

Sai ya kau da kai ya fuskanci bango, ranar ko abinci da ƙyar.

"Yawon Asabar ɗinsa yake tunawa," in ji Mama. "Bar shi, zai huce."

Yawon Asabar kuwa kowa a gidan ya san shi. Duk Asabar Baba yakan sauke kiret kaf, ya fita shi kaɗai, bayan awa ɗaya ya dawo hannu rabbana, bai sayo komai ba, bai ce wane yana gaishe ku ba. Mama ta tare shi a ƙofa ta ce, "Sannu da ƙona mai." Shi kuma ya ce, "Na kai ta shan iska." Shekara tara ba a canza ko kalma ɗaya ba. Da Auta ta karɓi makulli, abin da ta fara sokewa ke nan, tana ganin ta yi hankali.

Ranar Alhamis fitila ta biyu ta kama, mai siffar inji, motar ta fara jan ƙafa a 'yar gangaren gonar kaji. Ranar Juma'a da yamma Yaya ya zo daga ofis, ya leƙa ya ga fitilun, ya tsaya a bayan gida inda Baba ba zai ji ba.

"Auta, ki duba gaskiya. Mota ta fara kunna fitilu, hanyar bola ta kama. Gara a rabu da ita tana numfashi. Na yi magana da dillali, jibi Lahadi zai zo."

"In aka ɗauke ta, Baba zai tashi ya kalli me, Yaya? Igiyar shanya?"

Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne da shi irin na manyan 'ya'ya. Ya ce, "In fitilun sun mutu kafin Lahadi, na janye. In ba su mutu ba, kada ki ƙara ce min komai."

Asabar da sassafe Auta tana gareji. Makaniken tsohon abokin Baba ne, Kawu suke ce masa. Bai ko buɗe gaban motar ba. Ya zagaya baya, ya zura yatsa cikin salansa har inda tsummanta ba ya kaiwa, ya zaro shi baƙi ƙirin, ya ɗaga mata.

"Yaushe rabonta da babban titi?"

"Ai ba na wahalar da ita, Kawu. Tun da Baba ya kwanta ban wuce arba'in ba."

Kawu ya dube ta ta saman tabarau, ya goge yatsa a wando. "'Yata, lallaɓawar ce ta kusa kashe ta. Irin wannan mai shan dizal, akwai wata rariya a cikin bututun hayaƙinta da take tare kunkunniya. Rariyar ba ta wankuwa sai da zafi. Sai an hau titi an taka ta, ta yi minti ashirin ko talatin tana gudu ba tsayawa, sannan dattin ya ƙone. Ke kuma daga shago sai shago, inji bai gama ɗumi ba kin kashe. Ubanki ya san haka. Me kike tsammani yake fita yi duk Asabar?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ce ta fara kama ta, sannan baƙin ciki. Asabar ashirin bawan Allah yana buga sanda yana gaya mata, ita kuma tana tsaye a kansa tana yi masa albishir da abin da yake kashe masa mota.

"Ta makara, Kawu?"

"Muddin fitila ta farkon ba ta fara ƙiftawa ba, da saura. In ta fara, sai an kwance." Ya miƙo hannu. "Kawo makullin in zaga da ita."

Ta kusa ba shi. Babban titi tsoro yake ba ta, ko a motar haya rufe ido take yi in an zo wuce tirela. Amma ta damƙe makullin.

"In kai ka tuƙa yau, Asabar mai zuwa fa, Kawu?"

Ya janye hannu yana murmushi. "Tamanin zuwa casa'in. Kada ki sauko ƙasa da haka sai dole."

Gida ta fara biyawa. Ta sauke kiret kaf a zaure, Baba yana kallo ta taga, sandar da yake bugawa ta tsaya cak. Ta shiga ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe min. Yanzu na gane. Za ka raka ni?"

Mama ta ce ba da ita ba, mutumin da ko falo ba ya zuwa. Tana cikin faɗa Baba ya riga ya miƙe. Taku goma sha tara ne zuwa ƙofar mota, Auta ta ƙirga su, Mama tana riƙe da kafaɗarsa tana ci gaba da mita. Suka zaunar da shi, suka ɗaura masa bel.

Da suka fita gari titin ya miƙe sambal. Hamsin. Sittin. Tafin hannunta ya jiƙe da gumi, sitiyari yana santsi, inji yana ihu a giya ta huɗu. Sai ta ji hannun Baba na hagu a kan nata, a bisa giya, yana tura shi gefe da gaba. Ta taka kuloci, giyar ta shiga, ihun ya kwanta. Ashe haka ta biyar take, Allah Sarki, ba ta cizo.

Saba'in da biyar. Tamanin. Fitilun biyu suna nan ƙyam. Minti goma, minti goma sha biyu, wani wari mai zafi ya fara shigowa, Baba ya shaƙa ya gyaɗa kai. Daidai nan suka cim ma wata tirela mai buhunan siminti tana rarrafe, allurar maleji ta fara sauka. Saba'in. Sittin. Layin gefe fayau yake, tana ganin haka da idonta, amma ƙafarta ta ƙi, ta koma tana shawagi a kan birki. In ta tsaya a bayan tirelar nan zafin zai huce, aiki ya dawo ɗanye, kuma ta sani.

Baba ya buga gaban mota da tafin hannu. Ta ƙi dubansa. Ya sake bugawa, bakinsa yana motsi, wuyansa ya ɗaure da jijiya kamar mai ɗaga buhu.

"Ba..." ya ce. Ya ja numfashi. "Ba... ƙwai."

Wata biyar ba ta ji muryar nan ba. Ta duba madubi, ta kunna sigina, ta sauko ta huɗu, ta taka totur har ƙasa. Tayoyin tirelar suka wuce ta gefen Baba ɗaya bayan ɗaya, ba ta san suna da yawa haka ba, sai ga titi fili a gabanta. Hawaye yana zuba, ba hannun sharewa, ta bar shi ya zuba.

A minti na ashirin da shida fitila ta farko ta mutu. Ba ƙara, ba komai, ta duba ne kawai ta ga babu. Ta biyun sai da suka biya gareji Kawu ya jona na'urarsa ya kashe ta, yana ta tsokanar Baba wai ya samu direba ya zama mai gida.

Sun iso gida Yaya yana tsaye a zaure tsakanin kiret, fuska a murtuke, ashe Mama ce ta kira shi ta kai ƙara. Auta ta bar injin a kunne ta buɗe masa ƙofa. Ya sunkuya ya duba maleji, ya daɗe yana duba, sannan ya ciro waya ya koma gefe yana neman lambar dillali ya ce masa an fasa.

Mama kuwa ta zo ƙofar motar ta gefen Baba, ta kama ƙugu, idonta jawur.

"Sannu da ƙona mai," ta ce.

Baba ya buɗe baki, ya yi ta fama, kalmomin suka ƙi zuwa. Ya juya ya dubi Auta.

"Mun kai ta shan iska, Mama," in ji Auta, ta zagaya ta kwance masa bel.