Kunyar Shatu

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne: Shatu, matar marigayi Bawa, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Dingyadi; ɗanta na fari Abdulaziz, wanda ke shekararsa ta farko a wata kwaleji a Sakkwato; Mainasara, yayan Bawa, mai riƙon gidan; matarsa Rahamatu; matata Safiya; sai ni Na'Allah, da na koyi boko bayan furfura ta fito mini.

Ni da Mainasara muna tsaye a zaurensu da hantsi, sai wayarsa ta yi ƙara. Jiya-jiya aka dawo da Shatu daga asibiti a Bodinga, likita ya ce a kai ta gida a dage da addu'a. Mainasara ya duba wayar, ya ce yaron ne, ya yi mini alama in yi shiru.

Ina jin muryar Abdulaziz ƙasa-ƙasa. Ya ce an ɗage jarrabawa, ba a sa rana ba, ɗalibai da yawa sun tafi gida, shi ma yana so ya zo ya kwana biyu. Ya tambayi jikin Inna.

"Jiki da sauƙi, ga ta can tana daka," in ji Mainasara. "Zamna inda kake ka yi karatu. Mi za ka zo yi?"

Da ya kashe wayar na ce masa, "Alhaji, tahiyar ba ta kai awa guda ba. Bar shi shi zo shi gane ta, shi koma."

"Malam Na'Allah, ita ta ce tana biɗarshi? Ka ji ta hwaɗi?"

Ya san ba za ta faɗa ba. Shatu 'yar Horo Birni ce, ta tashi cikin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban kowa. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ko a waya ba ta amsa masa. Sai dai Rahamatu ta ce masa tana lafiya. Saboda haka rashin jin muryarta bai nuna masa komai ba.

Mainasara kuwa yana da abin da yake tsoro. Ba a daɗe da fara karatu ba yaron ya dawo da jakarsa. Ya ce Turancin malaman ya fi ƙarfinsa, ɗakin karatu ya cika har a taga wasu ke tsayawa, bai sami gado ba sai gefen katifar wani, kuma 'yan birni na kwaikwayon maganarsa suna dariya. Mainasara, wanda ya riga ya cika kasuwar Bodinga da labarin gidansu ya fitar da ɗan kwaleji, ya ja shi har bakin titi a gaban jama'a, ya sa shi mota, ya ce kada ƙafarsa ta sake taka zauren sai ya gama jarrabawa. A ranar, Shatu ba ta leƙo ba. Ta dai ba Safiya ƙullin daddawa da gabu, wato busasshen ganyen albasa, ta ce a kai wa wancan.

Abin da ya biyo bayan wayar nan Safiya ce ta shaida mini, don ita ke jinyar. Shatu ta daina cin abinci. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai ta juya kanta wajen ƙofa. Ta roƙa a fito da gabunta a shanya a tabarma a rana, kada ya yi fumfuna kafin masu komawa makaranta su koma. Ranar Laraba bayan la'asar ta kama hannun Safiya, ta buɗe baki, ta ce, "Abdulaziz." Ta sake faɗa, a fili.

Rahamatu na bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta yi dariya ta ce, "Ashe ciwo na kwashe kunya. Shatu, ki koma cikin hankalinki, akwai mutane."

Shatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Safiya ta fita da gudu ta gaya wa Mainasara, ya ce zafin zazzaɓi ne, ba a biye masa. Na nemi lambar yaron, ya hana, ya ce maganar gidansa ce. Kafin in sami mai ita, da safiyar Alhamis, Shatu ta cika. Aka kai ta kafin azahar. Mainasara ya bi masu ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗin kada wanda ya kai labari Sakkwato.

Sai da aka gama jarrabawa Abdulaziz ya dawo. Ya sauka da fara'a, riƙe da hotonsa sanye da doguwar rigar sababbin ɗalibai, da man zafi na ciwon gwiwa. Mainasara ya tare shi a zaure, ya fara tambayarsa yadda jarrabawa ta kasance, ya saurari amsar har ƙarshe, sannan ya ce masa ya yi haƙuri.

Yaron bai yi kuka nan take ba. Sai ya ce, "Baffa, ta biɗe ni?"

"Ko sau guda. Ka san halinta."

Na ce, "Alhaji, ji tsoron Allah. Ta kira shi da sunanshi, Safiya na wurin."

Abdulaziz ya ɗago ya dube ni. Har yau ban tabbata wace amsa ta fi yi masa ciwo ba. Ya ce, "Da bakinta? Yaya ta hwaɗe shi?" Aka kira Safiya, ta tsaya a bayan labulen zaure ta gwada, muryarta ta ƙi fita.

Wannan shi ne abin da na gani da wanda aka shaida mini. Karatuna na tsufa ne. Inda na yi kuskure, mai karatu ya gyara mini, Allah ya ba shi lada.

Da yammacin ranar da ya dawo na leƙa ta kan katanga. Abdulaziz na zaune a ƙofar ɗakin Shatu, inda bai taɓa zama ba tana raye. Hoton na kife a ƙasa. Tabarmar gabun tana nan inda aka shimfiɗa ta, kaji sun tone rabi, shi kuma yana tsince sauran yana zubawa a cikin hularsa.