Hoton Halliru a Littafin Tsarin Gari

Shekara talatin da ɗaya Halliru ya yi yana fiɗa a kwatar Garwa, a ƙasar Kamaru, kafin wata hukuma ta nemi jin ra'ayinsa a kan wani abu. Shi ne wakilin mahautan unguwarsu, kamar yadda mahaifinsa ya riƙe kafin shi. Ranar da takardar ta iso da hatiminta, sai da ya wanke hannu sannan ya karɓa. 'Yarsa Aminatu, malamar firamare, ita ta karanta masa Faransancin: za a tsara yadda gari zai kasance nan da shekara ashirin, ana gayyatar wakilan jama'a su zo su faɗi bukatunsu.

Halliru ya ɗauki maganar da gaske, don yana da abin faɗa. Tun da tashin hankali ya soma koro mutane daga can arewa, gari yake ta faɗi, gidaje na tsirowa ta kowace kusurwa. Burtalin da ake bi da shanu daga kara zuwa kwata, wanda a da garke ke wucewa a sake, yanzu a wasu wuraren sa biyu ba sa jerawa. A watan da ya wuce ma wani bijimi ya firgita ya afka zauren wani gida. Shi da abokinsa Goni, dillalin shanu, suka taka burtalin da ƙafa tun daga farko har ƙarshe, suna lura da duk inda aka ci shi. Bayan Juma'a ya tara mahauta, ya kuma aika aka ji ta bakin matan da ke wanke kayan ciki, waɗanda suka ce su ruwan famfo suke so. Aminatu ta rubuta komai, shafi uku cif.

An yi taron a wani babban otal. A bakin ƙofa aka sa kowa ya sa hannu a takardar mahalarta. Manya suka yi ta jawabi tun hantsi har kusan azahar, sannan wani injiniya mai suna Théodore, ɗan kamfanin da aka ɗauko daga Yawunde, ya nuna taswira mai launi-launi. Abin da aka rage wa jama'a bai kai rabin awa ba. Da aka zo kan Halliru, ya miƙe ya yi bayani da Fulatanci, yana nuni da hannu: inda burtali ya tsuke, inda ruwan damina ke yanke shi, da yadda nama ke lalacewa a zafin Garwa idan kwata ta yi nisa da kasuwa. Tafinta Jérémie ya karɓi makirfo ya faɗi jimla biyu, aka tafa.

Aminatu ta taso daga baya ta durƙusa kusa da shi. "Baba, cewa ya yi mahauta sun gode, kuma suna goyon baya. Bai ko ambaci burtali ba."

Halliru ya sake miƙewa, amma shugaban taro ya riga ya ce a tashi a ci abinci. Sai ya bi Théodore har bakin mota ya damƙa masa shafukan nan uku. Injiniyan ya karɓa da hannu biyu, ya ce za a duba.

Wata takwas shiru. Ran nan Goni ya iso kwata da wani littafi mai sheƙi na tsarin garin da ya gani a hannun surukinsa. A shafi na tara ga Halliru nan tsaye, hannu a sama. Da Aminatu ta karanta rubutun ƙasan hoton, cewa aka yi wakilin mahauta yana bayyana amincewarsa da mayar da kwata hayin gada, kilomita goma sha huɗu daga kasuwa. Burtalin kuwa babu shi a taswira, an yanka shi filaye.

Kafin la'asar magana ta zaga kwata. Mutanen da ya koya wa riƙon wuƙa suka daina amsa gaisuwarsa yadda suka saba. Wani ma ya tambaye shi a gaban jama'a ko fili nawa aka ba shi. Wannan ce ta fi ci masa rai. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Sai da ya yi sintiri sau huɗu kafin ya sami Théodore a ofis, Aminatu na yi masa tafinta. Injiniyan bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya an gama zana taswirar wata biyu kafin taron. Masu tallafa wa aikin ne suka sharɗanta sai an nuna an tuntuɓi jama'a, da hotuna da sunayen waɗanda suka zo. Shafukan uku suna nan cikin durowarsa, ya karanta, kuma maganar burtalin gaskiya ce.

"Ashe ba bakina kuke so ba, fuskata da sa hannuna kuke so," in ji Halliru. "Da kun faɗa mini tun farko, da na zauna na yi fiɗata. Kun ɗauki tsufana kun liƙa a kan ƙarya, yanzu yarana na kallona a matsayin wanda ya sayar da su."

Théodore ya ce littafin ya riga ya fita, ba shi da ikon canza shi. Amma da yake rako su, ya rage murya ya ce akwai taro na ƙarshe na amincewa da tsarin, kuma idan babu sa hannun mahalarta, aikin ba zai wuce ba.

Ranar taron, ba a gayyaci Halliru ba, amma ya zo, da mahauta arba'in da masu dakon nama, da dillalai, da matan kayan ciki guda shida. Sun cika kujeru, kuma babu wanda ya taɓa biro. Da aka miƙo takardar mahalarta, Halliru ya ce sai bayan an yi magana, kuma 'yarsa ce tafinta. Shugaban taro ya fusata, ya ce wannan ba tsari ba ne. Wakilan wasu unguwanni da suka riga suka sa hannu suka fara neman a ba su takardar su soke sunayensu. Akwai baƙi biyu daga masu tallafi zaune a layin gaba suna kallo, don haka dole aka miƙa wa Aminatu makirfo. Ta karanta kwafin shafukan uku da ta ajiye ba ta tsallake kalma ba, sannan ta buɗe shafi na tara na littafin ta ce abin da ke ƙasan hoton mahaifinta ƙarya ne.

An kai la'asar ana ja. A ƙarshe aka yarda a mayar da burtali cikin taswira, faɗin mita goma sha biyu, aka rubuta aka karanta a gaban kowa. Maganar kwata aka ce an ɗage ta, ba a soke ba. Famfon mata ko ambatonsa ba a sake yi ba, kuma babu wanda ya ba Halliru haƙuri. Shi ne na ƙarshe da ya sa hannu.

Da damina ta faɗi, Goni ya zo da labarin cewa wani mai hali ya haƙa harsashin gini a tsakiyar burtalin, kuma yana da takardar izini mai hatimi. Halliru ya ajiye wuƙa, ya ce wa mahauta kowa ya rufe teburinsa, ya aika a faɗa wa Aminatu ta same su a burtalin idan an tashi makaranta.