Agogon Murfin Gangar Baba

Da Yaya Shizue ta sayar da gonar inabinmu ta Katsunuma, cewa ta yi ko tsinke ba za ta ɗauka ba. Ɗaki guda 'yarta ta ware mata a Yokohama, ina za ta kai tarkace? Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara saba'in da biyu a gida ɗaya, ki fita kamar baƙuwar kwana biyu? Tsorona kada ta tafi hannu rabbana, gidan ya fita daga ranta, ni ma in bi shi.

Na shiga rumfa na ciro murfin gangar da marigayi Baba yake tsuma ruwan inabi a ciki. Cikinsa ya rine ja, har yanzu yana ƙamshin kaka. A bayansa akwai rubutun Baba na tawada, kowace shekara da irin damunar da aka yi. Na ce agogo zan yi mata da shi, in ga wanda zai ce agogon bango tarkace ne.

Ni kafinta ne, shekara arba'in da ɗoriya. Na goge gefen, na huda tsakiya, na jera toshiyar kwalba goma sha biyu kewaye da rubutun a madadin lambobi. Hannayen agogon kuwa daga busasshiyar kurangar inabi ta bakin rijiya na fere su. Sai da na zo sa maratayi na ga matsala. A sana'armu ba a kifa katako. Yadda itace ya tsaya a daji, gindi ƙasa kai sama, haka za ka tsayar da shi a gida, in ba haka ba gidan ba ya zama lafiya. Baba manomi ne, ina ruwansa da wannan? Ta inda ya samu ya yi rubutunsa. In na daidaita katakon, rubutun ya kife. In na daidaita rubutun, na aika wa tsohuwa kifaffen katako sabon gida.

Kwana uku ina juya shi kamar waina. Hali zanen dutse, na bi katakon.

Ranar tafiya na ƙunshe shi a zane, na same ta a tsakar ɗaki, ita da jaka guda. Ta zuba mana ruwan inabi a kofunan shayi, yadda Baba yake sha.

“Mene ne kuma a ƙunshe, Kikuo? Na ce maka ba wuri.”

“Ke dai buɗe, Yaya. Bakin nan naki ya riga idonki tsufa.”

Ta kwance zanen, ta jingina agogon da bango. Ta tsura wa rubutun ido. Kunya ta kama ni, na fara kame-kame.

“Na san rubutun a kife yake. Gindin katakon ne ya...”

“Yi mini shiru da gindin katakonka.”

Ta sa yatsa a layin farko tana bi, tana karantawa tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Shekarar ƙanƙara. Shekarar da tsuntsaye suka cinye rabi. Shekarar da aka haife ni.

“Kai kana goye, me ka sani?” in ji ta. “Ni nake tsayawa a ɗaya gefen gangar ina riƙe masa tawada. Ta nan nake ganinsa. Da shi na koyi karatu, har malama ta gaji da juya mini littafi.”

Kewar Baba ta taso mini, na ɗauke kai ina kallon kofina.

Ta zuge jakar, ta fitar da rigunan sanyi biyu ta ajiye a ƙasa, ta gwada agogon a ciki. Bai shiga ba. Ta mayar da rigunan, ta sake naɗe shi a zanen.

“To, a cinya zan riƙe shi,” ta ce. “Saitin lokacin daidai ne, ko shi ma ka kifa?”