Gadon Gora

"Kwance shi, Maitama. Wannan ɗaurin ko akuya ba zai riƙe ba."

Maitama ya ɗago kai daga kan gorar da ya danne da gwiwa. Raufu yana kwance a tabarma a ƙofar shagonsa, ya takure ƙafafu, gumi ya jiƙa masa singileti, amma idonsa na kan igiyar. Tun asuba ƙaba ta murɗe masa. Ya yi amai har ya galabaita. An gwada ɗora shi a jaki, ya yi ƙarar da ta sa aka sauke shi ba shiri. Ruwan da aka kwana ana yi kuma ya cinye hanyar da ta shigo ƙauyen, babu motar da za ta zo. Abin da ya rage shi ne a ɗaura gado, a ɗauke shi a kafaɗa zuwa bakin titin Kafur, a tari motar da za ta kai shi asibitin Malumfashi.

Maitama ya kwance ɗaurin. Manomi ne, ya san ɗaurin dami da na danga, amma wannan aikin ba nasa ba ne, na mai kwancen ne. Raufu Bayarabe ne, mutumin Ofa. Ya zo Arewa yana saurayi, yana bin masu safiyo da ke auna hanyoyi a daji, shi ke kafa musu zango: rumfa, gadon kwana, maratayin tukunya, duk da itace da igiya, ba ƙusa ko ɗaya. Da aikin ya ƙare bai koma gida ba. Ya buɗe tireda, yana sayar da sabulu da ashana da kananzir, ya yi gida jikin na Maitama. Rabin rumfunan kasuwar ƙauyen ɗaurinsa ne.

"Fara zarge ta a jikin doguwar," in ji Raufu, yana magana yana cije leɓe. "Yauwa. Bi ta kan gajeruwar, ka zagayo ta ƙarƙashin doguwar. Kada igiya ta hau kan 'yar'uwarta, jera su. Ja. Ja mana, ba ka karya kumallo ba ne?"

"Na ja, Baban Iyabo."

"To yanzu shiga tsakanin gororin biyu, ka shaƙe wuyan ɗaurin. Nan ƙarfin yake."

Maitama ya shaƙe, ya ji gorar ta yi ƙas ta zauna. Ya girgiza ta, ko motsi. Jibo mahauci, wanda ke ɗaura ɗaya ɓangaren, ya zaro wuƙa zai datse ragowar igiyar.

"Kada ka yanka!" Raufu ya ɗaga hannu. "Naɗe ta a jiki. Rama ce mai kyau, ni na tuƙa ta."

"Kana wannan hali kana ta igiya?" in ji Jibo.

Ciwon ya sake taso wa Raufu. Matarsa Kudirat ta fito da buhunan algarara da bargo, ta shimfiɗa su a kan gadon, ta lallaɓa da tafin hannu. Ta sunkuya ta yi masa magana da Yarabanci, ya amsa da kalma ɗaya. Ta koma ciki da sauri.

Su huɗu suka ɗauka. Maitama da ƙanensa Abubakar a gaba, Jibo da Malam Abdussamad ladan a baya. Raufu ba mai jiki ba ne, amma taɓo ya sa ya yi nauyi. Suka bi turba tsakanin gonaki, dawa ta fi kansu tsawo, ganyenta na zuba musu ruwa a wuya. Takalmin Abubakar ya maƙale a laka, ya bar shi nan. Ba wanda ke magana sai dai "a hankali" idan an zo kunya ko rami.

Sun wuce gonar audugar mai unguwa sai Raufu ya ce, idonsa a rufe, "Kusurwar baya ta hagu tana kuka. Wa ya ɗaura?"

"Ni ne," in ji Jibo.

"Na sani."

Suka sauke shi a kan ciyawa. Maitama ya sake shaƙe kusurwar, Jibo na tsaye yana kallon wani wuri. Da Maitama ya miƙe sai ya lura leɓen Raufu ya yi fari, cikinsa ya kumbura ya ɗaga singiletin.

Rafin da ke tsakaninsu da titi ya kawo. Ruwan ja ne, yana tafe da karare da kumfa, ya rufe duwatsun da ake takawa. Suka tsaya a bakinsa.

"Mu jira ya janye," in ji Jibo. "Kafin azahar zai ragu. Idan muka faɗa da shi a nan, mun kashe shi da hannunmu."

Malam Abdussamad ya dubi Maitama. Abubakar ma shi yake kallo. Maitama ya tsuguna kusa da gadon.

"Baban Iyabo, ka ji. Me ka gani?"

"Igiyar idan ta sha ruwa ƙara kamawa za ta yi," in ji Raufu. Muryarsa ta yi ƙasa. "Gadon ba zai rabu ba. Ƙafafunku ne ban sani ba."

Maitama ya tuɓe riga ya ɗaura a ka, sauran suka yi yadda ya yi. Suka ɗaga gadon daga kafaɗa zuwa ka, suka shiga da bisimilla. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafar Maitama. A tsakiya Abubakar ya taka rami ya nutse har wuya, gadon ya karkace, gorar ta murɗa a kan Maitama har ya ji kamar wuyansa zai karye. Bargon ya zame gefe, Raufu ya riƙe gora da hannu biyu. Jibo ya yi ihu. Abubakar ya taso yana tari, ya sake sa kai ƙarƙashin gorar. Babu kusurwar da ta saki. Suka fita a ɗaya gaɓar suna haki.

A bakin titi suka ajiye shi a inuwar wata ɗorawa. Titin shiru. Wani mai keke ya zo, ya sauka ya yi musu sannu, ya ce zai faɗa a tasha idan ya isa Kafur. Rana ta fito, ƙasa ta fara tururi. Abubakar ya tsaya a tsakiyar titi yana hangen gabas da yamma.

"Maitama," in ji Raufu.

"Na'am."

"Iyabo tana Funtuwa, cikinta ya tsufa. Kada a aika mata da saƙo a bakin direba. Ka je da kanka."

"Kai za ka je ka ga jikanka, in sha Allahu."

"Ka dai ji." Ya haɗiyi yawu da ƙyar. "'Yan'uwana za su zo daga Ofa, za su ce Kudirat ta bi su. Ka sa a tambaye ta. Ita za a tambaya."

"Na ji."

Bayan haka bai ƙara magana mai tsawo ba. Ya ce ciwon ya lafa, Jibo ya yi hamdala, amma Malam Abdussamad ya matso ya zauna wajen kansa, ya fara maimaita kalmar shahada a hankali. Raufu ya bi shi, leɓensa kawai ke motsi. Wajen azahar ya cika. Malam Abdussamad ya shafe masa ido, ya ja bargon ya rufe fuskarsa.

Suna zaune haka wata tifa ta zo, ta rage gudu ta tsaya. Direban ya leƙo ta taga.

"Marar lafiya ne? Ku sa shi a baya."

"Ya riga mu gidan gaskiya," in ji Maitama.

Direban ya yi salati, ya kashe rediyonsa, ya ce Allah Ya jiƙansa. Ya ɗan jima bai ja motar ba, sannan ya tafi.

Suka juya gadon, suka ɗauka. Rafin ya janye, ruwan bai wuce gwiwa ba, duwatsun har sun fara leƙowa. Ba wanda ya dubi Jibo.

A ɗaya gaɓar Kudirat na tsaye da ƙunshi a ka, ta tattare zani za ta shiga ruwa. Ta biyo su da kayan jinya: fitila, zannuwa, kwanon kunu. Ta ga tafiyarsu, ta ga inda bargon ya kai. Ta saki zanin. Ta sauke ƙunshin a kan yashi, ta gyara ɗankwalinta, ta matsa gefen turba suka wuce, sannan ta bi bayansu.

Da suka hau tudu Maitama ya waiga. Ƙunshin yana can a bakin rafi, murfin kwanon ya zame, kunun na tururi.