Baffa Jumare a Ƙofar Ɗakin Tiyata

Wasila nas ce a wani asibiti a Gashua, kuma ita ta lallaɓo Baffa Jumare, ƙanen mahaifinta, daga Nguru don a yi masa aikin ƙaba. Ya daɗe yana bin shanunsa da ciwon a jiki, sai da ruku'u ya fara gagararsa sannan ya yarda.

An turo shi a gado har ƙofar ɗakin tiyata, sai ya hango mutanen ciki. Ya yunƙura ya zauna.

"Wasila, me ya sa suka toshe hanci? Wari nake yi?"

"Baffa, takunkumi ne."

"Hannun ma sun sa safa. In ƙyamata suke yi, a kawo mini rigata."

Wasila ta ji kanta ya ɗau zafi. Tun safe take roƙo a sa shi a farko, ga wata mata da za a yi wa aiki tana jira a bayansa. Ta sunkuya ta rage murya.

"Ba kai ake gudu ba. Cikinka za a buɗe. In likita ya yi magana ko tari, yawunsa zai iya faɗawa ciki. Hannu kuma ko an wanke shi ba a rasa ƙwayar cuta, shi ya sa ake rufe shi. Su ma safar tana kare su daga jininka."

"Jinina me ya yi?"

Ta runtse ido, ta yi salati a zuci.

Baffa ya ce shi dai wanda bai ga fuskarsa ba ba zai sa masa wuƙa ba. Dole aka kira Dakta Suhaibu, likitan da zai yi aikin, ya fito ya janye takunkumin, ya gaishe shi da ladabi. Baffa ya ƙare masa kallo.

"Wannan ai yaro ne. Ina babbansu?"

"Shi ne babban," in ji Wasila. "Baffa, ko ka kwanta, ko yanzu in kira Gogo in gaya mata tsoro ka ji."

Jin sunan yayarsa, ya koma ya kwanta yana ƙunƙuni. Likitan ya je ya sake wanke hannu, ya sauya takunkumi da safa.

Aiki ya yi kyau. Da aka sallame shi, Wasila ta sa shi a motar Nguru, ta ja wa direba kunne kada ya bar shi ya sauka a kasuwar shanu.